Yadda Ake Yin Tortiya, Gurasar Masara Ta Meziko

Tortiya gurasa ce mai faɗi, siririya, da ake yi da masara, kuma ita ce ginshiƙin abincin mutanen Meziko: da ita ake ɗibar miya, a cikinta ake naɗe nama ko wake a kira shi tako. A kudancin ƙasar aka fara noman masara, kimanin shekara 9,000 da suka wuce, kafin jiragen ruwan Fotugal su kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16. Tsabar da ake aunawa a kasuwar Bena, cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, jikanyar waccan ce. Sai dai iri ne kawai ya ƙetaro teku, dabarar sarrafa shi ta tsaya can, kuma rashin wannan dabara shi ne babban abin da kan sa mai ci ya fito a fusace daga gidajen abincin da ke kafa allon "abincin Meziko" a manyan birane.

Ana farawa da busasshiyar tsaba, fara ko ja, wadda ba a surfa ba. A tsince, a sheƙe, a zubar da wadda gunda ta ci ko ta yi hunhuna. Garin masara irin na tuwo ba ya shiga nan ko kaɗan, domin in an kwaɓa shi da ruwa ba ya haɗa jiki, wargajewa yake yi a hannu.

Sai dahuwa, wadda a kanta aikin duka ya rataya. Mutanen Meziko suna dafa tsabar da farin garin laim na abinci, wanda ake samu daga ƙona farin dutse: kimanin giram 10 ga kowane kilo ɗaya na masara, da ruwa lita 2 zuwa 3. Inda babu laim, tokar itace tana yin aikin, kuma da ita aka daɗe ana yi a wurare da yawa. A tankaɗe tokar, a jiƙa ta, a tace ruwan, yadda mata suka saba yin ruwan toka. Ƙarfin toka ya danganta da itacen da aka ƙona, saboda haka ido ne ma'auni: da zarar tsabar ta shiga ruwan ya kamata ta juya rawaya mai haske. Tukunyar ƙasa ko ta ƙarfe mai kauri marar tsatsa ake so. Ta alminiyom ba ta jituwa da ruwan toka, tana yin baƙi ta ɓata ɗanɗano. Ana barin tsabar a wuta kaɗan kamar rabin sa'a, har sai an murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu ɓawon ya zame, amma cikinta da sauran tauri. In ta nuna luguf, ƙullun zai yi danƙo ya manne wa hannu.

Daga nan a sauke, a rufe, a bar ta ta kwana cikin ruwanta, sa'a 8 zuwa 12. A wannan kwanan ne ɓawo ke narkewa, ƙwaya ta sha sinadarin kalshiyam, kuma bitamin B3 da ke ɗaure a cikin masara ya saki yadda jiki zai iya amfana da shi. Ba ƙaramin al'amari ba ne. A arewacin Italiya da kudancin ƙasar Amurka, inda talakawa suka dogara ga masara ba tare da wannan dahuwa ba, cutar felagra ta yi ɓarna har cikin ƙarni na 20: fata ta yi baƙi ta tsattsage inda rana ke duka, ga gudawa, ga ruɗewar hankali. A Meziko kuwa ba a cika ganinta ba. Dahuwar tana kuma rage gubar da hunhuna ke bari a hatsi.

Da safe a tsiyaye ruwan, a wanke tsabar ana murzawa sau biyu ko uku. Ba a wanke ta tas. Ɗan santsin da ya rage shi ke riƙe ƙullu. Niƙa kuma da danshinta ake yi. Matan Meziko sun daɗe suna durƙusawa gaban dutsen niƙa mai ƙafa uku, kuma dutsen niƙa na gida yana wadatarwa. Wanda zai kai injin markaɗe ya ja kunnen mai inji kada ya tuttula ruwa kamar na koko, domin abin da ake nema kwaɓi ne mai laushi da za a dunƙula bai manne ba, bai kuma tsage ba.

A gutsura kamar girman ƙwan zabuwa, a mulmula, a sa tsakanin leda biyu, a danne da gindin faranti har ya yi faɗin tafin hannu ko fiye. Kasko busasshe ake ɗorawa, ba mai. A shimfiɗa, bayan rabin minti a juya, bayan kamar minti ɗaya a sake juyawa. A juyi na biyun nan ne mai kyau take kumbura, alamar niƙa da wuta sun yi daidai. Ana tara su cikin tsumma mai tsabta, tururinsu ya tausasa su.

Mahaɗinta ba ya buƙatar abin da babu a Bena. A gasa tumatir, attaruhu, albasa da tafarnuwa a kan kasko har su yi tabon ƙuna, a jajjaga a turmi da gishiri, a matsa lemun tsami. A dafa wake ya yi laushi, a dama shi cikin ɗan mai. A Meziko da kitsen alade aka fi soya waken, don haka Musulmin da ya shiga irin wannan gidan abinci a ƙasar waje ya tambaya tukuna.

Mafi yawan abin da duniya ta sani da sunan abincin Meziko ta Amurka ya biyo, musamman ta jihar Texas da kamfanoni irin su Taco Bell, wanda aka kafa a California a 1962. Ainihin girkin gargajiyar ƙasar kuwa, UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2010. Tortiyar alkama ba jabu ba ce, ita ake ci a arewacin Meziko. Matsalar ita ce ta leda da aka ɗumama, da miyar kwalba mai zaƙi, da cuku da aka labta don rufe rashin ɗanɗano. Gwajin mai sauƙi ne: tortiyar masara ta gaskiya tana zuwa da ɗumi, tana ƙamshin dafaffiyar masara, kuma in an ninke ta biyu ba ta karyewa.