Yadda Ake Jera Makullai Don Hana Kiki-kaka a Kanel na Linux

Wayar Android da ke aljihunka, da akasarin manyan kwamfutocin da ke ɗauke da shafukan intanet, Linux ne ke juya su daga ciki. Ɓangaren da ke wannan aiki shi ne kanel, zuciyar babbar manhaja, wanda ke raba wa sauran manhajoji lokacin furosesa da mamori da fayiloli. Furosesar zamani tana da ƙwayoyi da yawa masu aiki a lokaci guda, saboda haka duk bayanin da ayyuka ke tarayya a kansa sai an sa masa makulli. Aiki ɗaya ya kama makullin, ya yi gyaransa, ya saki, sannan na bayansa ya shiga.

Rigima tana tasowa ne idan aiki ɗaya na buƙatar makullai biyu. Ka ɗauka mata biyu ne a gida ɗaya ke son yin daka. Wannan ta riga ta jawo turmi, waccan ta riga ta ɗauke taɓarya, kowacce kuma ta ce ba za ta saki abin da ke hannunta ba sai ta sami ɗayan. Ga hatsi, ga kayan aiki, amma babu mai daka. Haka take faruwa a kanel: aiki na farko ya riƙe makullin A yana jiran B, na biyu ya riƙe B yana jiran A. An yi kiki-kaka ke nan. Sauran ayyukan da ke neman waɗannan makullai su ma su jeru a baya, har na'ura ta daskare, sai an kashe an kunna.

Masana sun daɗe da sanin wannan ciwo. Edsger Dijkstra ya shimfiɗa shi a 1965 cikin wata tambaya da ya ba ɗalibansa, a 1971 kuma Coffman da Elphick da Shoshani suka bayyana sharuɗɗa 4 da sai sun haɗu kafin a yi kiki-kaka: abin da ake nema ba ya ɗaukar masu riƙo biyu, mai riƙe da wani yana jiran wani, ba a ƙwace abu daga hannun mai riƙo, sannan jiran ya zagayo ya zama da'ira. Uku na farko suna da wuyar kawarwa a kanel, domin su ne ainihin amfanin makulli. Na huɗun shi ake karyawa, ta hanyar kafa jeri ɗaya wanda kowa zai bi wajen kama makullai.

Dalilin da ya sa dabarar ke ci a fili yake. Idan kowane makulli na da matsayi, kuma ba a kama na sama bayan an kama na ƙasa, to a cikin duk masu jira akwai wanda ke riƙe da matsayi mafi ƙasa. Abin da zai iya jira sai wanda ke ƙasa da nasa, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke riƙe da shi. Don haka zai wuce, ya gama, ya saki, sauran su bi. Ga yadda ake aiwatar da hakan.

Mataki na farko: san makullanka

Kafin ka rubuta layi ɗaya, lissafa duk makullan da ke ɓangaren da kake taɓawa, ka rubuta abin da kowanne ke tsarewa. Makulli bayanai yake tsarewa, kuma wanda ba a san abin da yake tsarewa ba, ba za a iya ba shi matsayi ba. Ka kuma raba su gida biyu. Akwai irin mutex, wanda mai jiransa ke yin barci har a tashe shi. Akwai irin spinlock, wanda mai jiransa ke ta juyi a kan furosesa ba ya barci.

Mataki na biyu: kafa jeri, ka rubuta shi

Ƙa'idar ita ce daga waje zuwa ciki, daga babba zuwa ƙarami. Makullai masu sa barci su ne a gaba, spinlock a ƙarshe, domin haramun ne mai riƙe da spinlock ya yi barci: idan ya kwanta da shi a hannu, wasu ƙwayoyin furosesa za su yi ta juyi suna jiran wanda ba ya kan aiki.

Jerin da ke cikin kan mutum ɗaya ba ya kare kowa. Masu gina Linux suna rubuta nasu a saman fayil. Buɗe mm/rmap.c za ka tarar da dogon jeri kamar matakalar bene: makullin fayil i_rwsem a sama, sai mmap_lock mai tsare taswirar mamorin manhaja, sai makullin shafin mamori, har a gangaro kan ƙananan makullan teburin shafuka. Duk wanda zai ƙara wani abu a wurin, wannan jeri zai fara karantawa.

Mataki na uku: warware makullai 'yan uwa ɗaya

A nan ne da yawa ke tuntuɓe. Kowace ƙwayar furosesa tana da layin ayyukan da ke jiranta, kowane layi da makullinsa. Idan za a mayar da aiki daga layin ƙwaya ta 2 zuwa na ƙwaya ta 5, sai an kama duka biyun. To idan ta 2 ta fara da nata, ta 5 ma ta fara da nata a daidai wannan lokaci don tura wani aiki ta ɗaya ɓangaren fa? Shi ya sa double_rq_lock ba ya duba wane ne mai turawa, wane ne mai karɓa. Yana kwatanta layukan biyu ya fara da ƙarami, ko da wa ya kira shi. Haka lock_two_nondirectories ke yi wa fayiloli biyu: wanda adireshinsa a mamori ya fi ƙanƙanta shi ake fara kamawa. A wajen folda kuwa, uwa ake kamawa kafin 'ya. Tunda ɗauke folda daga wani wuri zuwa wani na iya sauya wace ce uwa wace ce 'ya, sai aka ƙara makulli ɗaya a sama, s_vfs_rename_mutex, wanda ke hana irin wannan ƙaura biyu gudana tare a faifai guda.

Mataki na huɗu: nemo ɓoyayyun hanyoyi

Ba duk kamun makulli ne ido ke gani a layin da kake karantawa ba. Kana riƙe da spinlock sai katin sadarwa ya katse furosesa domin saƙo ya iso. Idan mai amsa wannan katsewa yana buƙatar makullin da ke hannunka, zai yi ta jiranka, kai kuma ba za ka ci gaba ba sai ya gama. Ƙwaya ɗaya ta ɗaure kanta. Maganinsa spin_lock_irqsave, wanda ke toshe katsewa a wannan ƙwaya muddin kana riƙe da makullin. Hanya ta biyu ita ce neman mamori. Idan mamori ya yi ƙaranci, kanel na iya komawa cikin tsarin fayil don ya samo wuri, ya nemi makullin da kai mai roƙon kake riƙe da shi. Don haka ake roƙo da alamar GFP_NOFS a irin wannan wuri.

Mataki na biyar: idan dole ta sa ka juya baya

Wani lokaci kana riƙe da B sai ka gano kana buƙatar A. Kada ka tsaya jiransa. Gwada mutex_trylock, wanda ke dawowa nan take ko ya samu ko bai samu ba. In bai samu ba, saki B, kama A, sake kama B, sannan ka sake duba bayanan tun daga farko, domin a ɗan tsakanin nan wani na iya sauya su ko ya goge su. Inda kuwa ba a iya sanin jeri tun farko, kamar tarin ma'adanan hoto da katin zane ke nema, Linux na da ww_mutex tun 2013: kowane aiki na karɓar tikiti, in an yi karo sai mai sabon tikiti ya saki duk abin da ya kama ya sake farawa.

Mataki na shida: sa na'ura ta yi maka gadi

Kiki-kaka na iya ɓuya wata da watanni a ɗakin gwaji, ya tashi rana ɗaya a na'urar mai amfani, domin sai ayyuka biyu sun haɗu a daidai ƙiftawar ido. Saboda haka ba a jiran ya faru. A 2006 Ingo Molnar ya kawo lockdep, wanda ya shiga Linux 2.6.18. Idan ka kunna CONFIG_PROVE_LOCKING, kanel zai riƙa rubuta cewa an taɓa kama B ana riƙe da A. Ranar da wani wuri ya kama A yana riƙe da B, ko da sa'o'i ne tsakaninsu kuma babu abin da ya tsaya, zai fitar da gargaɗi tare da hanyoyin biyu da suka saɓa. FreeBSD ma na da irinsa mai suna WITNESS. Lockdep yana kashe kansa bayan gargaɗin farko, don haka gyara wannan, ka sake kunna na'ura, ka sake gwaji. A ayyukan da ke zaton an riga an kama musu makulli, sa lockdep_assert_held ya tabbatar.

Kai mai koyon wannan fanni, kada ka aika gyaran da ya taɓa makulli sai ka rubuta matsayinsa a jeri, ka kuma gwada shi lockdep na kunne. In ya yi gargaɗi, ka ɗauka gaskiya ya faɗa har sai ka tabbatar da akasin haka, ka gyara jerin maimakon ka rufe masa baki. Miliyoyin mutanen da ba su san sunanka ba za su dogara da wannan aiki naka, kuma haƙƙinsu ne na'urarsu ta yi aiki ba tare da ta daskare ba.