Harafin Gwaninta a Rubutun Sinawa

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Zariya, wanda ke son sanin asalin harafin da Sinawa ke rubuta gwaninta da shi.

To, Malam, harafin shi ne 藝, ana furta shi "yi". Tsohuwar surarsa tana jikin ƙasusuwan duba na daular Shang da aka tono a Anyang, masu shekaru fiye da 3,000. Hoton mutum ne a durƙushe, ya riƙe ɗan tsiro hannu bibbiyu zai dasa. Ka ga ke nan ma'anarsa ta farko ita ce shuka. Da yake dashe ba ya kamawa sai a hannun wanda ya iya, sannu a hankali kalmar ta koma nufin kowace irin gwaninta.

A zamanin daular Zhou, 'ya'yan manya kan koyi fannoni shida da ake kira da wannan suna: ladubban bukukuwa, kiɗa, harbin baka, tuƙa keken doki, rubutu da lissafi.

A shekarun 1950 hukumomin Sin suka taƙaita harafin ya zama 艺, amma har yau alamar ciyawa na nan a samansa, tana tuna mana da manomin farko.