Gano Ciwon Jini a Jikin Kare

Manoma, makiyaya da mafarauta, yau maganarmu a kan kare ce. Shi ne mai gadin garke da dare, shi ne mai korar biri daga gona. Da damina, sa'ad da kaska ta yi yawa, sau da yawa sai ka ga karenka ya ƙi abinci, jikinsa ya yi zafi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Cikin 'yan kwanaki sai ya mutu.

Abin da ke kawo wannan, wata ƙwayar cuta ce mai suna Babesiya, wadda kaska ke zubawa cikin jini, ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana farfasa su. Wani likitan ƙasar Romaniya, Victor Babes, shi ya fara ganin irinta a jinin shanu a 1888. Akwai kuma Erlikiya, ita ma ta kaska ce. Sa'an nan ga sammore da tsando ke kawowa, wanda ya kan sa idon kare ya yi hazo. To, ga wahalar: da fari duk alamunsu kusan ɗaya ne, amma maganinsu dabam dabam.

Hanyar da aka saba ita ce likitan dabbobi ya ɗiga jinin bakin kunne a kan gilashi, ya rina shi, ya duba da madubin likita. Tana da sauri da araha. Amma in ƙwayoyin kaɗan ne, ido ya kan wuce su.

Sabuwar hanya ita ce gwajin PCR, wanda Kary Mullis na Amurka ya ƙago a 1983. Kowace halitta tana da sinadarin gado, watau DNA, wanda ya bambanta ta da saura, kamar yadda shaidar wuta ke nuna mai saniya. A kan sa jinin cikin na'ura tare da sinadarin da ba ya kama kome sai shaidar cutar da a ke nema. In tana nan, na'urar ta yi ta ninka ta: ɗaya ta zama 2, 2 su zama 4. Bayan ninki 30 ta haura miliyan 1,000, ba sauran ɓuya. Gwajin yana da tsada, sai a manyan ɗakunan bincike irin na Vom da Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. In ciwo ya tsananta, likita ya kan fara magani kafin amsa ta zo.

Ga abin da za ku yi:

1. Ku kai kare a ɗibi jini tun ba a ba shi magani ba, domin magani ya kan rage ƙwayoyin har gwaji ya rasa su.

2. Kada ku yi wa kare allurar sammoren shanu da ka. In ta yi yawa ta kan taɓa ƙwaƙwalwarsa ta kashe shi, ba ta kuwa warkad da Erlikiya. Sai an auna nauyinsa tukuna.

3. Ku duba kunnuwa, wuya da tsakanin yatsu kullum, ku cire kaska. Sai ta yi kwana ɗaya ko biyu a manne kafin ta zuba Babesiya.

Sanin wurin bugu, shi ne ƙira. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.