Lamba Daban, Shugabanci Daban

A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in yi ɗan bayani a kan wata na'ura wadda ba kowa ya san da ita ba, alhali kuwa jarrabawar da muke jira ta dogara a kanta. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar jarrabawar takarda da fensir, ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Saboda haka duk ɗan Birnin Kebbi ko Argungu da ke neman shiga jami'a, tilas ya zauna gaban kwamfuta. Tambayoyin kuwa daga wata babbar kwamfuta suke fitowa, su biyo waya, su ratsa ta cikin wannan na'ura da ake kira suwic, kafin su iso gaban ɗalibi.

Suwic wani akwati ne shimfiɗaɗɗe mai kafofi a gabansa, galibi 24 ko 48, kowace kafa ana soka mata wayar kwamfuta ɗaya. To, mu ɗauki zauren da ke da kwamfuta 250. Idan muka yi lissafi, za mu ga biyar ba za su isa ba, sai shida. Maimakon ma'aikaci ya riƙa bin kowane da nasa saiti, sai aka ƙirƙiro dabarar ɗora su kan juna, a haɗa bayansu da gajerun wayoyi na musamman, su zama kamar na'ura ɗaya mai adireshi ɗaya. Wannan shi zan kira ɗori. A 2003 kamfanin Cisco na Amurka ya fito da samfurin Catalyst 3750, wanda ake iya ɗora har guda 9. Wani samfurinsa da ya biyo baya, Catalyst 9300, yana ɗaukar 8.

Abin da malaminmu na kwamfuta ya fi nanata mana shi ne, a cikin ɗori akwai abu biyu da mutane kan rikita: lamba da shugabanci.

Bari mu fara da lamba. Kowane suwic yana da lambarsa, kamar yadda kowannenmu yake da lambar shiga makaranta wadda ake rubuta masa a jikin kayansa. Sabon suwic yakan zo daga kamfani da lamba 1. Idan ya shiga ɗori ya tarar wani ya riga shi, sai ya ɗauki mafi ƙanƙantar lambar da ba kowa a kai. Amfanin lambar shi ne da ita ake kiran kafofi. Alal misali, 2/0/15 tana nufin kafa ta 15 a suwic na 2. Idan aka bar na'urorin suka raba wa kansu lamba, ana iya samun na ƙasa shi ne 2, na tsakiya kuma 5. Ranar da kwamfutar wani ɗalibi ta tsaya, sai ma'aikaci ya je yana taɓa wayar wani can daban, lokaci kuwa na tafiya. Don haka akan jera lambobin daga sama zuwa ƙasa, a rubuta a manna. Amma fa a lura, sabuwar lamba ba ta kama aiki sai an kashe suwic ɗin an sake kunnawa, kuma saitin kafofinsa ba ya bin sa, yana nan a kan tsohuwar lambar.

Sai shugabanci. A kowane ɗori akwai shugaba guda, wanda ke riƙe da saitin kowa, kuma ta hannunsa ake ba sauran umarni. Ba dole ne mai lamba 1 ya zama shugaba ba, kamar dai yadda shugaban ɗalibanmu ba shi ne na farko a rajista ba. Zaɓe ake yi, ga kuma yadda yake tafiya. Da farko, wanda yake kan mulki shi ke ci gaba. In babu, sai a duba daraja, wato wani adadi daga 1 zuwa 15 da ma'aikaci ke ba kowane, mai mafi girma shi ke ci. In sun yi kunnen doki akan duba wasu sharuɗɗa, a ƙarshe kuma a ba wanda adireshinsa na MAC, wanda kamfani ya buga masa, ya fi ƙanƙanta. Da yake dukansu da daraja 1 suke zuwa, wanda bai saita ba ya bar zaɓen a hannun sa'a ke nan. Mai hankali yakan ba wanda yake so 15, mataimakinsa 14. A sababbin samfura mataimakin yana riƙe da kwafin kome, ta yadda in shugaba ya mutu, nan take zai karɓa. Kwamfutocin da ke jikin mataccen ne kaɗai za su tsaya, sauran zauren ya ci gaba da aiki.

Akwai wasu ka'idoji uku da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, a kunna su lokaci guda, kamar yadda masunta ke jeruwa a bakin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, ba mai faɗawa ruwa sai an ba da alama. Wanda ya makara ba ya cikin zaɓe, ko da darajarsa 15 ce, sai dai ya bi wanda ya tarar. Wannan abin lura ne a wurinmu, inda akan ɗauke wuta a koma janareta. Na biyu, kada a haɗa sabon suwic yana kunne, domin shi ma yana ganin kansa shugaba ne. Hausawa sun ce ba a sarki biyu zamani ɗaya, wanda ya faɗi zaɓe kuwa sai ya mutu ya sake tashi tare da duk mabiyansa. Na uku, wayar bayan ta zama zobe, wato ta ƙarshe ta komo wa na farko. In waya ɗaya ta tsinke aiki ba zai tsaya ba, sai dai ƙarfin ya ragu da rabi. In babu zobe, ɗorin ya rabe biyu, kowane ɓangare da shugabansa, suna rigima a kan adireshi ɗaya.

Duk wannan saiti aikin ɗan lokaci kaɗan ne, amma tun ran gini tun ran zane, ba a yin sa ranar jarrabawa. Ina kira ga 'yan'uwana, maza da mata, mu dage da koyon wannan fanni, domin asibitoci da bankuna da makarantun jiharmu suna bukatar masu iya shi. Iyayenmu kuma ku ƙarfafa mana gwiwa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.