Idan Karen Amana Ya Kwanta Ciwo

A Kano da Kaduna da Jos ba sabon abu ba ne mai gida ya tashi tafiya, ko aikin Hajji ko hutun ƙarshen shekara, ya bar karen gadinsa a hannun mai gadi, ko ƙanensa, ko maƙwabci. Mafarauta ma sukan bar wa juna karnuka. Sallamar ba ta wuce, "Ga shi nan, a riƙa ba shi abinci." Ba wanda yake kawo zancen ciwo, sai ranar da aka wayi gari karen ya shige ƙarƙashin mota ya ƙi fitowa.

To, ya kai mai riƙon amana, ka sani tsoron abin da mai kare zai ce ya hallaka karnuka da yawa. Mutum ya yi gum kwana biyu yana fatan abin ya wuce da kansa, alhali kwana biyun nan su ne lokacin da magani zai yi aiki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗauki waya tun da safe ka ce, "Alhaji, karen nan tun jiya bai ci komai ba, yau kuma ya yi amai sau uku. Zan kai shi asibitin dabbobi. Nawa ka yarda a kashe, kuma ina katin allurarsa?" In layin bai shiga ba, aika saƙo a rubuce ka kama hanya. Kusan kowane babban gari yana da asibitin dabbobi na gwamnati, a Zariya kuma akwai na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello.

Kafin ka taɓa shi, tsaya daga nesa ka dube shi. In halinsa ya sauya, yana dalalar da yawu, muƙamuƙinsa ya saki, ko yana cizon duk abin da ya gani, kada hannunka ya kusanci bakinsa. Ana iya ɗaukar ciwon haukar kare ta hanyar zura hannu, wai za a ciro ƙashin da ya maƙale masa a maƙogwaro. Kulle shi, kori yara, kira likita. Wanda karen ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, domin in alamun cutar suka bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafin karnuka, katin allurarsa kuwa shi zai nuna ko an yi wa karen, shi ya sa tambayar katin nan ba ƙaramar tambaya ba ce.

In ba ka ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma karen ya saba da kai, ɗaga leɓensa a hankali ka dubi dasashi. Na mai lafiya jaja-jaja ne, da danshi. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, kuma sau da yawa cutar da kaska ke sawa ce. Leƙa cikin kunne da tsakanin yatsu za ka same su a maƙale. Sannan kama fatar bayan wuyansa ka ja ka saki. In ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba, ruwan jikinsa ya ƙare, sai ƙarin ruwa a asibiti.

Kwikwiyon da bai kai wata shida ba, in ya haɗa amai da zawon jini mai ɗoyi, a fi zaton cutar fabo ce, wadda ta bazu a duniya tun 1978. Tana kisa cikin 'yan kwanaki, ƙwayarta kuma takan yi watanni a ƙasa, don haka a ware shi daga sauran karnuka, a wanke wurin da ruwan Hypo. Guba kuwa iri-iri ce. Fiya-fiya tana nunawa nan da nan, da dalala da rawar jiki, amma wani nau'in maganin ɓera sai bayan kwana uku zuwa biyar yake sa zubar jini. Tafi da kwalbar ko ledar, likita ya gani da idonsa.

Akwai taimakon da gara babu shi. Ɗura wa kare manja ko madara alhali yana sheƙar numfashi yakan sa abin ya faɗa huhu. Maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, yana cinye masa ciki ya lalata ƙoda. Mai kemis na unguwa, duk kirkinsa, ba dabba ya karanta ba.

Saura maganar kuɗi da laifi, wadda ita ce take hana barci. Malaman fiƙihu sun ce wanda aka ba ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ciwo ba sakaci ba ne, amma ganin ciwo a yi shiru yana iya zama sakaci. Saboda haka ka adana rasit, ka rubuta lokacin da abin ya fara da abin da karen ya ci, ka roƙi likita ya yi magana da mai karen baki da baki. Shawarar aiki mai tsada, ko ta a hutar da dabbar da allura, ta mai ita ce; kada ka yanke masa.

In kuwa rai ya yi halinsa, kada ka haƙa rami da dare ka binne. Sanar da mai shi tukuna, ka tambayi likita ko akwai bukatar a duba gawar, musamman in karen ya ciji wani kafin ya mutu, domin daga ƙwaƙwalwarsa ake gane ko haukar ce.