BITAMIN C: ABIN DA AKUYA KE YI WA KANTA, MUTUM KUWA SAI YA CI

Duk akuyar da ake kaiwa kasuwar Keffi tana ɗauke da wata baiwa wadda mai ita ba shi da irinta. Hantarta tana iya ɗaukar sukarin da ke cikin jini, watau gulukos, ta sarrafa shi mataki-mataki har ya zama bitamin C. Haka tumaki da shanu suke yi. Kaza ma tana yi, sai dai ita a ƙoda ne. Tsire-tsire kuwa suna haɗa nasu a cikin ganye da ’ya’ya.

Mutum ba ya iyawa. Matakin ƙarshe na wannan aiki yana bukatar wani sinadari mai gaggauta shi, wanda masana ke kira inzayim, amma ƙwayar gadon da ke samar da shi ba ta aiki a jikin ɗan Adam. Birai da ɓeran Masar da wasu jemagu su ma haka suke. Saboda haka tilas ne a same shi daga abinci.

To, mene ne aikinsa? Akwai wani abu mai kama da zare a cikin jiki, ana ce da shi kolajin, shi ne ke riƙe fata da dasashi da ƙashi da bangon jijiyoyin jini. Zaren nan tufka uku ne, kuma tufkar ba ta ƙarfi sai wasu inzayim masu aiki da sinadarin ƙarfe sun gyara silinta. Idan ƙarfen ya dakushe, bitamin C ne ke maido da shi. In babu shi, sai zaren ya fito rarrauna: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, miki ya ƙi warkewa. Wannan ita ce cutar sikabi, wadda kan bayyana bayan wata ɗaya zuwa uku ba a sami bitamin ɗin ba. A shekarar 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya gwada magunguna iri-iri a kan matuƙa 12 masu wannan cuta, biyun da aka ba lemo su ne suka fara miƙewa. Sai a 1932 aka tabbatar da ainihin sinadarin, kuma Albert Szent-Györgyi, mutumin ƙasar Hangari, ya sami kyautar Nobel a 1937.

Aikinsa na biyu ya fi shafar masu cin tuwo. Sinadarin ƙarfen da ke cikin dawa da gero da wake yana da wuyar shiga jini, bitamin C kuwa yakan mayar da shi irin wanda hanji ke iya tsotsewa. Mace mai juna biyu da ta sha lemo bayan cin wake ta taimaki jininta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta miligiram 45 a rana ga baligi. Gwaiba ɗaya ta wuce haka, lemon zaƙi ɗaya ma ya wadatar. Ƙasar Keffi ba ta rasa mangwaro da kashu da gwanda, ga kuma farin garin ’ya’yan kuka mai jure ajiya.

Inda ake asara shi ne madafa. Bitamin C yana narkewa a ruwa, zafi da iska suna lalata shi, kanwa kuwa tana ƙara ɓarnar. Ganyen da aka shanya, aka tafasa da kanwa, sa’an nan aka zubar da ruwansa, kaɗan ya rage a cikinsa, ko da yake yana da sauran amfani. Ya kamata uwargida ta sa zogale ko alayyaho daf da sauke tukunya, ta yanka tumatir ɗanye a kwaɗo, ta kuma ba yara ’ya’yan itace kullum, musamman bayan mangwaro ya ƙare.