Darasin Kwamfuta: Wa Zai Fara Matsawa?

Bara na yi asarar maki a jarrabawar gwaji saboda layi ɗaya tak, kuma ba na so wani ya faɗa ramin da na faɗa.

An ba mu jeri, wato arre, mai suna a, mai gurbi 5. Ku tuna, a Java da C daga 0 ake fara ƙirga gurbi. Gurbi na 0 zuwa na 3 suna ɗauke da Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa, na 4 kuma babu komai. Aka ce mu saka 'Yankwashi a farko, mu tura sauran gaba. Ni kuwa da gaggawa na rubuta lup ɗina haka:

for (i = 0; i < 4; i++) a[i+1] = a[i];

Da na buga sakamako sai na ga Kazaure ta mamaye ko'ina. Dalili kuwa, a zagayen farko Kazaure ta hau kan Babura ta shafe ta tun kafin a kwashe ta. A zagaye na biyu abin da ke gurbin Babura, wato Kazaure, ya shafe Roni. Haka har ƙarshe.

Ku dubi benci a ɗakin lacca. In an ce a matsa wa wani ya zauna a farko, na ƙarshen benci ne ke fara gusawa, sannan na kusa da shi. To haka jeri yake:

for (i = 4; i > 0; i--) a[i] = a[i-1];

Bayan nan sai ka sa 'Yankwashi a a[0].

In kuma cire na farko za ka yi, sai ka juya, ka faro daga gaba da a[i] = a[i+1], ka tsaya a i < 4. In ka zarce, za ka taɓa a[5] wanda babu shi. Java za ta tsayar da aikin nan take, C kuwa tana iya yin shiru ta kwaso maka shara.

Shawarata, kafin ka taɓa kwamfuta, zana akwatuna 5 a takarda ka bi lup ɗin da biro. Da na yi haka ran nan, da makina bai tafi ba. Allah Ya ba mu sa'a.